Yadda Za Ka Reni 'Ya'yanka Cikin Almasihu Ba Tare da Ka Gadar Musu da Ciwon Gidanku Ba

Wata Asabar da daddare, a gidanmu da ke Tumfure cikin Gombe, babban ɗana ya fasa filas ɗin shayi. Shekararsa tara a lokacin. Kafin in ankara na riga na zare bel, bakina kuma yana cewa, "Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba, ɗan banza kawai." Yaron ya maƙale a jikin bango, ya ɗaga gwiwar hannun hagu ya kare kansa, ya runtse ido. A nan hannuna ya tsaya, domin na san wannan tsayuwar. Haka nake yi a gaban mahaifina can ƙauyenmu a ƙasar Tangale, kalmomin da suka fito daga bakina kuma nasa ne, ko ɗaya ban canza ba. Washegari ni ne zan koyar da ajin manyan yara a Makarantar Lahadi, darasin kuwa a kan ƙaunar Ubanmu na sama.

Mahaifina ba mugu ba ne. Shi ya sayar da awakinsa ya biya mini kuɗin makaranta, kuma ban taɓa ganin ya yi fashin sujada ba, ko ana tsakiyar noma. Abin da aka yi masa ne ya yi mini, ni ma ga shi na kama hanyar miƙa wa na gaba. Bishara ta iso Kaltungo tun 1917 ta hannun 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, don haka da yawa daga cikinmu a Billiri da Kaltungo da Balanga, har da 'yan'uwanmu na Tafawa Balewa da Bogoro a Bauchi, jikokin masu bi ne ko tattaɓa kunnensu. Kakanninmu sun bar abubuwa masu wuyar bari saboda Almasihu. Duk da haka akwai kayan da suka biyo mu har cikin majami'a suka zauna tare da mu a benci: duka cikin fushi, mugun baki, fifita wani ɗa a kan wani, gaba ta shekara da shekaru, burukutu a ɓoye.

Abin da zan faɗa nan shi ne abin da ni da maman yara muka bi tun daga wannan daren. Ina cewa "ka", amma maganar ta uwa ce kamar yadda take ta uba. Ka riƙe lissafi ɗaya a kai: mako guda awa 168 ne, Makarantar Lahadi kuwa ba ta samun fiye da ɗaya ko biyu a ciki. Sauran a hannunka suke, a cikinsu ne kuma yaro yake yanke wa kansa ko Allahn nan da ake kira Uba abin gudu ne ko abin zuwa wurinsa.

Da farko, takarda da biro

Ku bari yara su yi barci, kai da matarka kowa ya ɗauki takardarsa. A ja layi a raba ta uku: gidan kakanni, gidan da na tashi, gidana na yau. Sai kowa ya amsa wa kansa da gaskiya. In an yi fushi a gidanmu, me ake yi? Duka, ko zagi, ko a ɗauke wa mutum magana mako guda? Wa aka fi so cikin yara, ta yaya kuma sauran suka gane? Kuɗi fa, ana maganarsu a fili, ko uwa ba ta taɓa sanin abin da uba yake samu ba? Akwai mai sha? Akwai mai neman mata a waje? Yaya ake yi da 'ya'ya mata, da ɗan riƙo, da agola? Wace kalma aka faɗa mini ina yaro da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi?

Abin da ya bayyana a dukan layukan uku, shi kake nema. Nawa a fili yake: fushi mai saurin kai hannu. Na maman yara kuwa gaba ce. A gidansu ba a duka, amma in mahaifiyarta ta yi fushi sai ta kwana huɗu ba ta amsa gaisuwar kowa, a ajiye tuwo a ƙofar ɗaki ba magana. Ita ma haka take yi wa 'yarmu ba tare da ta lura ba, a ganinta ma haƙuri take yi.

Ku rubuta alherin gidajenku kuma, kada ku tsallake wannan. Karɓar baƙi, ƙwazon noma, riƙon amana, waƙar da kaka take rerawa tana tankaɗe. Wanda sharri kaɗai ya gani a gidansu zai ƙare da raina iyayensa, yaran kuwa suna kallo, za su koyi yadda ake raina iyaye.

Akwai sharaɗi biyu. Abin da matarka ta rubuta amana ce, ranar da kuka saɓa kada ka ce mata, "Ai halin uwarki ne." Sau ɗaya ka faɗi haka, ba za ta sake buɗe maka cikinta ba. Na biyu, kowa ya zaɓi abu ɗaya tak da zai fara da shi. Mai son gyara abu bakwai a wata ɗaya, kafin watan ya mutu ya gaji ya koma gidan jiya. In kai kaɗai kake renon yaran, ka yi wannan zaman da wani amintacce a ikkilisiya wanda ya girme ka, wanda ba ya yawo da magana.

La'ana ce ko hali?

Sai an warware wannan, domin a nan mutane da yawa suke maƙalewa. Za ka ji ana cewa, "Gidanmu akwai la'ana, shi ya sa aure ba ya zama." Ana kafa hujja da Fitowa 20:5, inda alhakin iyaye yake bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Amma ayar masu ƙin Allah take nufi, ta 6 kuma ta ce jinƙansa yana kaiwa ga dubbai na masu ƙaunarsa. Sa'an nan a buɗe Ezekiyel sura 18. Isra'ilawa suna da wani karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya hana su sake faɗinsa. Daga aya ta 14 zuwa 17 ya kawo misalin ɗan da ya ga dukan zunuban ubansa, ya yi tunani, ya ƙi yin irinsu, aka ce wannan ɗan zai rayu. Bitrus kuma ya ce da jinin Almasihu aka fanshe mu daga zaman banza da muka gada daga kakanninmu (1 Bitrus 1:18-19).

Dubi yadda abin yake tafiya a Littafin Farawa. Ibrahim ya ɓoye cewa Saratu matarsa ce saboda tsoro, har sau biyu. Ishaku ya yi irin wannan a kan Rifkatu, a Gerar ɗin da ubansa ya yi. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gida ya rabu biyu. Yakubu da ya sha ɗacin wannan da kansa, shi ne ya girma ya yi wa Yusufu riga ta musamman a kan idon 'yan'uwansa. Ba wanda ya yi musu asiri. Hali ne na gida, na baya ya ɗauka daga na gaba. A kan Yusufu abin ya tsaya, ranar da 'yan'uwansa suka faɗo hannunsa ya ƙi ramawa.

Na yarda da addu'a da azumi, mun yi kuma muna yi. Amma wanda ya kwana a majami'a yana karya la'ana, gari ya waye ya dawo gida ya mari matarsa, bai karya komai ba. Ka yi hattara da duk wanda ya ce sai ka kawo kuɗi kafin ya kwance gidanku. Wanda kuwa ya nuna wata tsohuwa a danginku ko wani yaro a gidanka ya ce maye ne, ka guje shi gudu na gaske. Yaron da aka laƙaba wa maita an lalata masa rai tun bai san kansa ba, kuma Ubangijin da ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa ba zai ƙyale wannan ba. Mutanenmu suna cewa hali zanen dutse ne. A nan kam bangaskiyarmu ta rabu da karin maganar, domin a Ezekiyel 36:26 an yi mana alkawarin a cire zuciyar dutse a ba mu sabuwa.

Sujadar iyali, minti goma sha biyar

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da yara a wuyan iyaye: a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ga yadda za a fara in ba a taɓa yi ba, ko an yi an watsar.

Zaɓi lokaci ɗaya da ba ya motsi. Mu mun gwada ƙarfe biyar na asuba muka kasa, yara suna gyangyaɗi, ni kuma ina jin haushin gyangyaɗin, sai sujada ta koma wurin faɗa. Muka mai da ita bayan tuwon dare, kafin a kwashe kwanuka. Kowa yana zaune, ciki ya cika, ba mai hanzari. A tara wayoyi a kwando ɗaya, ta baba ce za ta fara shiga. In an ɗauke wuta, fitila ɗaya ta isa.

A fara da waƙa ɗaya, daga Littafin Waƙoƙi ko ta Zumuntar Mata, yara su riƙa zaɓa bi da bi. Sai karatu, aya biyar zuwa goma, kada ya wuce. Ku fara da Bisharar Markus: sura 16 ce kawai, labarai ne gajeru masu tafiya da sauri, ɗan shekara shida zai iya bi. In kun gama ku shiga labaran Farawa, daga baya Luka da Ayyukan Manzanni. Ga matasa, Karin Magana tana da sura 31, sai a bi kwanan wata. Wanda ya iya karatu ya karanta ko da yana tuntuɓe, kada ka riƙa katse shi a kowace kalma.

Bayan karatu kada ka yi wa'azi. A nan ne mu iyaye maza muke ɓata abin. Yi tambaya biyu ko uku: Me ya faru a nan? Me ya nuna mana game da Yesu? Gobe a makaranta ko a kasuwa, ina wannan zai shafe mu? Sai ka yi shiru ka jira. Ranar da muka karanta labarin hadari a teku a Markus sura 4, autarmu ta ce, "Baba, to me ya sa Yesu ya yi barci alhali suna jin tsoro?" Na ce mata mu yi tunani tare, muka kwana biyu a kan tambayar nan. Yaron da aka bari ya yi tambaya a gida ba zai ɓoye maka shakkarsa ba ranar da ya shiga jami'a ya gamu da masu gardama.

A rufe da addu'a, kowa jimla ɗaya ko biyu, daga ƙarami zuwa babba. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da kuka roƙa da kwanan wata, in an amsa a sa alama. Ayar hadda ɗaya a mako ta wadatar, a rubuta a kwali a liƙa kusa da randa, inda kowa yake zuwa sau da yawa a yini. Harshe kuwa, ku yi da wanda yaran suka fi ji a zuciya. Amma in kuna da yarenku, Tangale ne ko Waja ko Tula ko Zaar, ku sa waƙa ɗaya ko Addu'ar Ubangiji da shi, don ranar da suka je gida su iya durƙusawa tare da kakarsu.

Doka ɗaya ba a karya ta: sujada ba kotu ba ce. Kada ka yi addu'a kana cewa, "Ya Ubangiji, ka shirya wannan yaron mai taurin kai," yana zaune yana ji. Kada ka zaɓi aya don ka harbi wani da ita. Laifin yini a yi maganarsa a wani lokaci dabam. In kun yi fashi kwana uku, ku ɗora a na huɗu ba tare da neman mai laifi ba.

Uwar da mijinta yake aiki a wani gari, ko ba ruwansa da sujada, ki fara ke da yaran. Timoti ta wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya sami bangaskiya, ubansa kuwa Bahelene ne. Kada ki zagi uban a gabansu. Ki bar masa gurbi a tabarma, ki riƙa gayyatarsa ba tare da gori ba.

Hannunka da bakinka

Nan aikin ya fi nauyi. Barin duka cikin fushi ba sakin yara ba ne. Eli firist ya san abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba, gidansa ya rushe. Dauda kuma bai taɓa ɓata wa ɗansa Adonija rai da tambayar me ya sa ya yi abu kaza ba (1 Sarakuna 1:6). Akwai masu gudun zafin ubansu su faɗa wannan ramin, yaro ya zama sarki a gida. Shi ma ciwo ne da za a gada.

Ga tsarin da muke bi. Dokokin gida kaɗan ne, an faɗe su tun ana zaman lafiya, an kuma faɗi hukuncin kowace: ba ƙarya, ba ɗaukar abin wani, ba dukan ƙane, a dawo gida kafin magariba. Sa'ad da laifi ya faru, kanka za ka fara dubawa. Kowa yana da alamar da jikinsa yake ba shi. Ni kunnuwana ne suke ɗaukar zafi, numfashina ya gajarta. Da na ji haka sai in ce, "Je ka zauna a ɗaki, zan kira ka," in fita tsakar gida in sha ruwa, in wanke fuska, in ba kaina minti goma. Mun kuma yi yarjejeniya da maman yara: in ta ga na hau, sai ta ce, "Baban yara, zo ka ga wani abu a waje." Na yi alkawarin duk lokacin da na ji wannan zan tashi ba gardama.

In ka huce, ka kira shi shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba. Tambaye shi me ya faru, ka saurara har ya gama. Sai ka rarrabe: kuskure ne, ƙuruciya ce, ko tawaye ne da gangan? Filas da ya suɓuce kuskure ne, maganinsa tsintsiya da koyon riƙewa da hannu biyu. Fitsarin kwance ba laifi ba ne sam, in ya daɗe a kai yaro asibiti. Faɗuwa jarrabawa bincike take bukata, wataƙila ba ya ganin allo ne, ko yunwa ce, ko akwai mai cin zalinsa a aji. Ƙarya da sata da raina uwa su ne na hukunci, hukuncin kuma ya yi kama da laifin. Wanda ya ɗauki kuɗin cefane ya biya daga asusunsa ko da aiki, ya je da ƙafarsa ya nemi gafara. Wanda ya ƙi dawowa da wuri ya rasa ƙwallo kwana uku. In ka faɗi hukunci ka cika shi, kada ka ƙara, kada kuma ka janye don ya yi kuka. Ba a horo da hana tuwo, ko hana kuɗin makaranta, ko kulle wa yaro ƙofa da dare.

Za a ce, to ina Karin Magana 13:24 da maganar sanda? Na san masu bi na gaskiya da muka bambanta da su a nan. Ni dai ina karanta ta tare da Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. Mutum irina da hannunsa ya gaji sauri, na ajiye bel da dorina gaba ɗaya, kamar yadda wanda ya gaji sha ba ya cewa bari ya ɗan kurɓa. Akwai kuma abin da ba na jayayya da kowa a kansa. Mari a fuska ko kunne, ranƙwashi, wayar wuta, ɗaure yaro, barkono, duk abin da zai bar tabo, zalunci ne ko da an karanta aya kafin a yi. Mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne, jijjiga jariri cikin fushi kuma tana iya lalata masa ƙwaƙwalwa har iyakar ransa.

Baki ya fi bulala daɗewa a jiki. "Ɗan banza", "jaki", "ba za ka yi albarka ba", "dubi ɗan maƙwabta". Yakubu 3:10 ya ce bai kamata yabo da la'ana su fito daga baki ɗaya ba. Dainawa kaɗai ba ta isa, sai ka sa wani abu a gurbin. Ka faɗi laifin ka bar mutumin: "Abin da ka faɗa ƙarya ne, a gidan nan kuwa gaskiya muke faɗa." Kowace safiya kafin su fita makaranta, ka ɗora hannu a kan kowane ɗaya, ka kira sunansa, ka sa masa albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26. Ba ya cin minti ɗaya. Makon farko kunya na ji, bakina ya yi nauyi, domin ba a taɓa yi mini ba. Yanzu in na manta, autar takan tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta sunkuyar da kai tana jira.

Mai halin ɗauke wa mutum magana kuma ta faɗa da baki, "Raina ya ɓaci, za mu yi magana bayan abincin dare," ta kuma cika. Gaisuwa ba a ɗauke ta. Afisawa 4:26 ta ba fushi wa'adi, faɗuwar rana.

Ranar da ka faɗi

Za ka faɗi, ba sau ɗaya ba. A daren filas ɗin na kasa barci. Da asuba na shiga ɗakinsu, na zauna a bakin katifarsa na ce, "Jiya na zage ka, na ɗaga maka bel a kan abin da ba da gangan ka yi ba. Na yi laifi a gaban Allah da gabanka. Kai ba ɗan banza ba ne. Ka gafarta mini." Ya daɗe yana kallon ƙasa yana murza bakin bargo, sa'an nan ya ce a hankali, "Ba komai, Baba." Na ce masa akwai komai, shi ya sa na zo. Sai ya ce, "Na gafarta."

Ka ambaci laifin da sunansa. Kada ka haɗa da "amma kai ma". Kada ka maye gurbin maganar da tsire ko sabon takalmi, domin haka aka yi mana, muka tashi ba mu iya cewa "na yi laifi" ko ga matanmu ba. Kada kuma ka tilasta masa amsawa nan take. Wasu dattawa za su ce zubar da girma ne. Ni abin da na gani shi ne, tun daga lokacin yaron ya fara kawo mini laifinsa da kansa kafin in ji a waje.

Tsakanin yaran

Zuciya takan karkata ga wani ɗa, amma kada hannu ya bi ta. Kowane yaro ya sami lokacinsa da kai shi kaɗai, ko minti ashirin ne a mako: ɗaya ka tafi da shi kasuwa, ɗaya gona, ɗaya wurin mai gyaran babur. Kayan Kirsimeti a ɗinka wa kowa ko a fasa wa kowa. Aikin gida ya riƙa juyawa, namiji ya wanke kwanuka ya hura wuta, mace ta sami lokacin karatunta, kuma kada kuɗin makarantarta ya zama na farkon yankewa in damina ta yi gardama. Yarinyar da ka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo, in ita ce mai tashi kafin kowa, mai kwanciya bayan kowa, mai cin ƙanzo, ita kaɗai ba ta da yunifom, to duk sujadar da kuke yi, yaranka sun riga sun haddace wani darasi dabam. In ba za ka iya riƙe ta kamar taka ba, mayar da ita wurin iyayenta ka taimaka daga nesa.

Miji da mata su san abin da yake shigowa gidan. Yara su ga ana ware zakka da baiko, ana ware na abinci, ana cewa "wannan watan ba za mu iya ba" ba tare da faɗa ba. In akwai sha a danginku, ka gaya musu gaskiya da sun fara tasawa, kada kuma ka aiki yaro sayen burukutu ko sigari ko na baƙo ne. Yau abin ya wuce burukutu, ga tiramadol, ga maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018, ga cacar ƙwallo a waya. In kai ne a ciki, ka faɗa wa fasto ko wani dattijo, ka kuma je asibiti, domin wanda ya yi nisa a giya ko ƙwaya in ya bari farat ɗaya ba likita, jikinsa yana iya shiga haɗari.

Dangi

Kirsimeti ta zo, an tafi gida. Yaro ya yi ɓarna, kaka ta miƙo tsumagiya, ka ƙi karɓa. Za ka ji, "Ku ba da wannan muka rene ku ba? Ga shi kun zama mutane." Kada ka buɗe mata littafi, kada ka yi mata gardama a gaban jikoki. Ni rusunawa na yi na ce, "Mama, kun yi ƙoƙari a kanmu, Allah ya saka da alheri. Ki bar mini shi, zan hore shi da kaina." Daga baya, mu biyu a ɗakinta, na ɗan yi mata bayani. Ba ta yarda duka ba, ban kuma matsa ba. Girmama iyaye umarni ne: ka kai musu hatsi da magani, ka sa yara su durƙusa su gaishe su. Amma renon 'ya'yanka, kai da matarka za a tambaya. In maganar ta dangin miji ce, miji ya yi ta. Kada ka tura matarka ta fuskanci uwarka.

Akwai gado ɗaya da ake binnewa da sunan rufin asiri: wani babba a dangi yana taɓa yara, kowa ya sani, ba mai magana. Gafara ba ta ce ka bar 'yarka ta kwana a gidansa ba. Tun suna shekara uku ko huɗu ka koya wa yara, maza da mata, cewa wuraren da wando da riga suka rufe ba mai taɓawa, kawu ne ko malami ko wani a majami'a, duk wanda kuma ya ce "kada ka gaya wa Mama", to a gaya wa Mama a ranar. In yaro ya faɗa, ka yarda da shi, kada ka daka masa tsawa. A kai shi asibiti nan da nan, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin walwalar jama'a. Laifi ne a dokar ƙasa, ba maganar da za a kashe a zaman dangi ko a ofishin fasto ba. Haka ma matar da ake duka, "ki yi haƙuri" kaɗai ba shawara ba ce. Ta sami wurin tsira ita da yaran tukuna, sa'an nan dattawan ikkilisiya su zaunar da mijin.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. A ikkilisiyarku, ECWA ce ko COCIN ko Katolika ko wata, ka nemi iyali ɗaya da manyan 'ya'yansu suke son dawowa gida, wannan ita ce alamar da nake dubawa. Ku riƙa kai musu ziyara, ka ba maigidan izinin tambayarka kai tsaye, "Yaushe rabonka da ɗaga hannu?" Ka san malaman yaranka na Makarantar Lahadi da na Birged, wato ƙungiyar yara ta majami'a, da suna, a hanyar komawa gida kuma ka tambayi abin da aka koya.

Bayan wata uku ku fito da takardun nan. Kowa ya faɗi sau nawa ya zame, da abin da ya jawo. Sau da yawa za ka tarar gajiya ce, ko bashi, ko jinkirin albashi, sai ku yi shiri musamman domin irin waɗannan ranakun. Yaran da suka kai shekara goma a tambaye su su ma: "Me kuke so Baba ya daina? Me kuke so ya ci gaba da yi?" Ka rubuta amsar ba tare da ka kare kanka ba. Babban ɗana cewa ya yi in daina amsa waya ana cikin cin abinci. Wannan ba ya cikin takardata ko kaɗan. Na ƙara shi a ƙasa, muka zagaye ranar zama na gaba a kalandar da ke bango.